Yaya, kafin a saka tayil ɗin nan a duba rijiya da masai

Assalamu alaikum Yaya, ina wuni, ya ɗawainiya, ya ƙafar Umma da fatan da sauƙi, a gaida min su Anti da yara gaba ɗaya. Kuɗin da na turo ranar Litinin na san sun shigo tunda na ga ka turo hotunan tayil kala uku wai in zaɓa, wallahi duk sun yi kyau musamman mai ruwan ƙasan nan, amma ban zaɓa ba kuma ba mantawa na yi ba, wata magana ce ta tsaya min a rai tun watan jiya, na so in yi maka boyis sai na ga in na fara ba zan gama ba kuma kai ba ka son boyis mai tsawo, shi ya sa yau da nake hutu na zauna na rubuta. Ka daure ka karanta har ƙarshe ko a zama biyu ne, in ka gama ka karanta wa Umma.

Kullum in muka yi waya da Umma sai ta tambaye ni wai da gaske ne a nan ba a sayen ruwa? To a gaya mata ana saya, har ma sau biyu ake biya, zan zo kan wannan. Abin da babu shi ne jira. Shekarata huɗu a Hamburg ta ƙasar Jamus sau ɗaya tak aka ɗauke ruwa a gidan da muke haya, shi ma sai da aka manna takarda a ƙofar shigowa tun saura kwanaki cewa rana kaza daga ƙarfe 9 zuwa ƙarfe 1 za a yi gyaran bututu, a daren na cika duk wata tukunya da bokiti da ke gidan har da baho, Abban yara yana ce min awa huɗu ne fa, na ce ni dai ƙyale ni, kai ma ka sani wanda ya tashi a layinmu in aka ce za a ɗauke ruwa na awa huɗu to wata huɗu zuciyarsa take ji. Sha biyu da rabi ruwa ya dawo. Na tsaya ina kallon bokitan nan sai da ƙwalla ta zo min, don na tuna yadda ni da ƙanwarmu muke fita da duku-duku mu ajiye bokiti a layi a ƙofar gidan mai bohol ɗin nan na bayan makaranta, mu dawo wuyanmu na ciwo mu yi wanka a gurguje, mu je makaranta an rufe get a zane mu a kan latti.

Ruwan famfon nan shi ake sha kai tsaye ba tafasawa ba komai, shi nake ba tsofaffin da nake kula da su a wajen aiki su haɗiyi magani. Daga ƙarƙashin ƙasa ake zuƙo shi gaba ɗaya, tun 1964 garin ya daina shan ruwan kogin Elbe, wato dai bohol ne irin namu sai dai su na gari ne ba na gida-gida ba, a tace shi a gwada shi a kai a kai sannan a turo shi ta bututu har hawa na huɗu inda muke, ga na sanyi ga na zafi. Illarsa ɗaya da na gani yakan bar wani farin abu kamar alli a gindin butar shayi, in ka matsa lemon tsami ka tafasa sai ya fita.

To watan jiya takardar lissafin shekara ta zo daga mai gidan hayar, ita ce ma ta tayar min da duk wannan maganar. A nan akwai mita a banɗaki, ta ruwan sanyi daban ta na zafi daban, duk wata kana biyan wani abu a haɗe da kuɗin haya sai ƙarshen shekara a karanta mita a ga ko kai ne za ka cika ko su ne za su dawo maka da canji. Mu huɗu, ni da Abban yara da yara biyu, mun yi amfani da lita dubu 130 a shekara. Na ɗauko biro na mayar da shi jarka tunda da jarka ƙwaƙwalwata take lissafin ruwa, jarka mai lita 25 guda 5,200 ke nan, kusan jarka 14 kullum, kuma fa mu masu tsimi ne don ɗan Jamus ɗaya a matsakaici yana kashe wajen lita 125 a rana, jarka biyar shi kaɗai. Ku kuma Anti ta ce min da bazara in rijiya ta ja baya jarka takwas kuke saya a wuni, ku goma sha ɗaya a gida, sha da girki da wanka da wanki da alwala duk a ciki. Ka raba ka gani, kowa bai kai lita 20 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa lita 50 zuwa 100 ta ce mutum yake buƙata a rana kafin a ce ya wadatu ya tsaftace jikinsa da kayansa yadda ya kamata.

Amma abin da ya hana ni barci farashin ne. Lita dubu na ruwan famfo a nan wajen yuro 2 ne. Lita dubu a wajen 'yan garuwa jarka 40 ce, a naira 150 da Anti ta ce ana sayar muku naira 6,000 ke nan, a canjin da na turo kuɗin nan ya kai yuro 3 da rabi. Yaya ka ga abin? Umma a Kano ta fi Bajamushe sayen ruwa da tsada, kuma shi nasa an gwada an kawo masa har kicin, ita nata ba wanda ya san daga wace rijiya aka ɗebo shi ko yaushe rabon da a wanke jarkar. Kuma a nan mafi ƙarancin abin da ake biyan ma'aikaci ya haura yuro 12 a awa, wato aikin minti goma ya saya masa lita dubun, mai ɗaukar albashin naira dubu 70 a wata kuwa sai ya yi aikin da ya fi na kwana biyu kafin ya sayi wannan lita dubun. Ba laifin 'yan garuwa ba ne, bayin Allah da ƙarfinsu suke tura kura cikin ranar nan kuma su ma saya suke a wajen mai bohol, shi ma mai bohol man janareta yake saya, ba don su ba ma da ban san yadda unguwa za ta yi ba. Kawai dai haka abin yake, in ba bututu to talaka ne yake biyan kuɗi mafi yawa a kan ruwa mafi ƙaranci. Kuma ba rashin ruwa ne ya dame mu ba, ga madatsar ruwa ta Tiga ga ta Chalawa ga ta Watari duk a jiharmu.

Kada ka ɗauka komai na nan burge ni yake. Cikin lita 125 ɗin nan abin da ake sha da wanda ake girki da shi bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba, wanka ya kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku, sama da kwata kuma a masai yake tafiya, duk dannawa ɗaya lita 6 zuwa 9, kuma ruwan nan da ake kora bahaya da shi shi ne dai wanda ake sha, bututu ɗaya ne. Har yau in na danna sai na ji wani abu a ƙirjina, ruwan da ya fi fiya watan da kuke saya tsafta. Na hana yarana sakin shawa suna wasa, na saya musu bokiti da kofi irin na gida, alwala kuma da buta muke yi ba a sakar famfo, ai mudu ɗaya na ruwa ya ishi Manzon Allah (SAW) alwala, sa'i ɗaya ya ishe shi wanka, mu da muka san wannan bai kamata a ce wani ne zai koya mana tsimin ruwa ba. Maganar buta ma, a nan ba ruwan tsarki a banɗaki sai takarda, ni kam ko wajen aiki da 'yar gorata a jaka nake zuwa, a wannan fannin tsarinmu ya fi nasu nesa ba kusa ba. Banɗakin tasha kuma sai ka saka kuɗi ƙofa take buɗewa, wani wajen har yuro guda, na sha ganin tsoho ko mai ƙaramin yaro yana lalube aljihu a matse, abin ba daɗin gani. In ka shiga gidan abinci ba a ajiye maka ruwa kyauta kamar yadda ko mai shinkafa da wake za ta ajiye maka kofi, sayar maka za a yi a kwalba kuma da tsada. Mu da muke cikin wahalar ruwa baƙo bai taɓa zama a zauren Baba ba a kawo masa ruwa ba kafin ma a gaisa.

Sannan duk da kyan ruwan famfonsu da yawansu na kwalba suke saya, mai gas ɗin nan mai tsatstsafa a maƙogwaro, za ka ga mutum yana hawa bene da kiret. Abu ɗaya da ya burge ni a nan shi ne yawancin gorar roba akwai santi 25 da ake ɗora maka a kai, in ka shanye ka mayar kanti ka zura a inji ya ba ka takardar kuɗinka, shi ya sa ba ka ganin gora a yashe, wanda ya yar ma wani zai tsinta, akwai marasa ƙarfi da tsofaffi da suke bin kwandon shara suna tattarawa kamar 'yan gwangwan ɗinmu. Duk lokacin da na zura gora a injin nan sai na tuna ledar fiya wata da ta toshe kwatar layinmu, da yadda ruwan sama na awa ɗaya yake shigo mana har tsakar gida da duk abin da ya kwaso.

Yanzu ga inda na ce sau biyu ake biya. A takardar nan akwai layi na biyu, kuɗin ruwan datti, duk litar da ta shigo gidanka ana lissafa cewa za ta fita, kuma kuɗin fitarta bai gaza na shigowarta ba, in ka haɗa biyun lita dubu ta haura yuro 4. Har ruwan saman da ya sauka a kan rufin gida da inda aka shafe da siminti akwai kuɗinsa, tunda ƙasa ba ta shanye shi ba magudanar gari ce ta ɗauka. Da farko na ji haushi na ce wannan wane irin abu ne a biya kuɗin ƙazanta, sai daga baya na gane ai nan ne ma ainihin aikin yake. Duk abin da ya fita daga masai da kicin da injin wanki na mutum kusan miliyan biyu ta ƙarƙashin ƙasa yake bi zuwa wata babbar matata a cikin tashar jiragen ruwa, in ka hau jirgin ruwan haya da ke bin Elbe za ka hango wasu manyan tankuna masu siffar ƙwai a tsallake, a ciki ake ruɓar da dattin a samu iskar gas a yi wuta da ita, ruwan kuma sai an tace shi sannan a sake shi kogi. Mu in muna maganar ruwa famfo kawai muke hange, ba ma tambayar ina wanda muka zubar yake zuwa, alhali na gidanmu ba inda yake zuwa, yana nan ƙarƙashin ƙafarmu.

Kuma Yaya ba haka aka halicce su ba. Makarantar su babban yarona sun je yawon buɗe ido wani tsibiri a cikin Elbe da ake kira Kaltehofe na raka su, tsohuwar matatar ruwan garin ce da aka mayar gidan tarihi, abin da na ji a wajen ya girgiza ni. Garin nan yana da magudanar ƙarƙashin ƙasa tun bayan babbar gobarar 1842, wani injiniya ɗan Ingila William Lindley ne ya tsara musu, amma ruwan sha daga kogi suke zuƙowa su tura gidaje ba tacewa, har ƙananan kifaye suna biyo bututu, an yi shekaru ana ta maganar a gina matata manyan gari waɗanda akasari 'yan kasuwa ne suna ta ja-in-ja a kan kuɗi. Sai a watan Agustan 1892 kwalara ta ɓarke, cikin 'yan makonni mutum kusan dubu 17 suka kamu, wajen 8,600 suka mutu, yawanci talakawan da ke cunkushe a lunguna. Ga kuma Altona, yanzu unguwa ce a cikin Hamburg ina zuwa can sayayya amma a lokacin gari ne mai zaman kansa katanga ɗaya da su, su ma Elbe suke sha, kuma ta ƙasan Hamburg suke ɗiba wato bayan duk ƙazantar garin ta shiga, amma su suna tace nasu da yashi, sai cutar ta taɓa su kaɗan kawai, har a kan titin da ya raba garuruwan biyu gidajen da ke shan ruwan Altona suka tsira maƙwabtansu na mutuwa. Robert Koch, likitan da ya gano ƙwayar cutar kwalara, da aka turo shi ya zaga lungunan talakawan ya ga yadda suke zaune cewa ya yi ya manta a Turai yake. Maganar ta sosa min rai don na san su wa yake nufi da waɗanda ba Turai ba, amma kuma ta nuna min cewa abin nan ba a jini yake ba, yashi ne da bututu da shugabannin da suka yarda a kashe kuɗin. Shekara ɗaya bayan annobar, 1893, suka gama matatar da suka yi shekaru suna jan ƙafa a kanta.

Akwai wata tsohuwa da nake yi wa wanka a wajen aiki ta haura shekara 90, in na saki famfo ina jiran ruwan ya yi ɗumi sai ta riƙe min hannu ta ce in tara a roba kar ya zube. Rannan na tambaye ta dalili ta ce bayan ruwan bama-baman da aka yi wa garin a 1943 tana 'yar yarinya ita ake aika da bokiti ta bi layi a famfon titi, ta ce har yau tana jin zafin marikin bokitin a tafin hannunta. Na buɗe mata nawa tafin na ce ni ma haka. Tun daga ranar ba ta yarda kowa ya yi mata wanka in ina nan.

Ranar Juma'a in mun je masallacin da 'yan Afirka ta Yamma suke haɗuwa a St. Georg kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, Hausa ce kawai ke tashi, 'yan zangon Kumasi da na Nima a Accra da 'yan Togo da 'yan Nijar, na ɗauko musu zancen takardar nan sai kowa ya ɓalle da nasa. Wata baiwar Allah 'yar Damagaram ta ce su garinsu a kan dutse yake, ruwan daga nesa ake jawo shi, da zafi sai a raba dare ana gadin famfo ko zai ɗigo. 'Yar Nima ta ce su ba ruwan ne ya fi damunsu ba, gidaje da yawa ba masai sai na haya, ka bi layi da safe da kuɗinka a hannu, mace in dare ya yi sai dai ta riƙe. Ashe abin ya wuce layinmu. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ta 2022 ta ce mutum biliyan 2.2 ba su da amintaccen ruwan sha a inda suke zaune, biliyan 3.5 ba su da ingantaccen tsarin bayan gida, miliyan 419 a fili suke bahaya, a Najeriya kaɗai kuma wani binciken daban na 2021 ya ce kusan miliyan 48 ne suke bahaya a fili. Tun 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ruwa mai tsafta da makewayi haƙƙi ne na kowane ɗan Adam, aka kuma yi alƙawarin kowa zai samu kafin 2030, ga shi saura ƙiris kuma ka ga inda muke.

To ni ba zan iya jawo bututu daga Tiga ba, amma gidanmu guda ɗaya ne kuma na san shi lungu-lungu. Yaya don Allah ka tashi yanzu ka taka daga bakin rijiya zuwa masai ka ƙirga, ni a tunanina bai fi taku takwas ba, kuma masan gidan maƙwabta yana jikin katangar nan ta yamma ya ma fi namu kusa. Masana cewa suke a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, don ramin ba a shafe yake ba tsiyaya yake cikin ƙasa, da damina in ruwan ƙasa ya taso sai su haɗe ta ƙasa ba wanda ya gani. Na san za ka ce ai ba a shan na rijiyar sai wanki da wanke-wanke, to da shi ake wanke kwanon da ake cin abinci da moɗar randa da salak da tumatir, da shi yara suke kuskure baki, kuma in 'yan garuwa ba su zo ba na sha ganin an jefa masa alif an sha. Alif kwantar da laka kawai yake ruwa ya yi garau, ba ya kashe ƙwayar cuta, ruwan da ya kashe mutanen Hamburg ma ba wanda ya ga cutar a cikin kofi. Ka duba duk damina sai an kwantar da yaro ɗaya ko biyu a gidan nan, taifot, gudawa, ƙarin ruwa, allurai, ka haɗa abin da muka kashe a kemis da asibiti cikin shekara uku ka gani ko bai gina masai biyu ba. Ba na son tayar wa Umma da mikin amma dole in faɗa, yaron Gwaggo da muka rasa a daminar 2021 da safe yana wasa a ƙofar gida, kafin asubar washegari an rasa shi, Allah ya jiƙansa ya sa mai ceto ne. A shekarar nan mutum sama da dubu 100 ne aka yi zargin sun kamu da kwalara a Najeriya fiye da 3,500 suka rasu, Kano na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Kwana ya ƙare mun yarda da ƙaddara, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Na san shawarar Kawu ita ce a haƙa bohol kawai a huta. Ba na ƙi ba ne, amma bohol a tsakar gidan da masai ke tsiyaya in ba a yi masa zurfi an toshe samansa da siminti yadda ya kamata ba to rijiya ce mai tsada kawai, kuma kowa a layin yana haƙawa shi ya sa rijiyoyin marasa hali suke ƙafewa tun kafin bazara ta yi nisa. In Allah ya hore mu yi shi gaba, mu haɗa kuɗi da maƙwabta a yi ɗaya mai kyau da sola da tanki a fito da kan famfo waje kowa ya ɗiba, a yi wa Baba sadaka mai gudana da shi, ka tuna yadda yake son ba mu labarin rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa jama'ar Madina. Kuma kar wani ya ce mana mutanenmu ba sa canzawa, lokacin su Umma suna yara ƙauye nawa kurkunu ya kwantar da manoma da damina, a ƙarshen shekarun 1980 sama da mutum dubu 600 ne ke ɗauke da ita a Najeriya, da ƙyallen tace ruwa da rijiyoyi da bin gari-gari da su Janar Gowon da Jimmy Carter suka yi aka kore ta, a 2013 aka tabbatar babu ita a ƙasar. Maƙwabtanmu Jigawa ma a 2022 suka zama jiha ta farko da aka ayyana ta daina bahaya a fili.

Ga abin da nake roƙo a yi da kuɗin nan. A fara ɗiban ruwan rijiya da na jarkar da ake kawo muku a kwalba mai tsafta a kai dakin gwaji a duba, ka turo min hoton sakamakon. A kira masu kwasa su kwashe tsohon masai a cike ramin, a yi sabo can ƙarshen gida wajen turken awaki, na san ba za a samu mita 30 ba a gidan cikin gari shi ya sa nake so a yi ramin da bulo a shafe ƙasansa da gefensa da siminti sosai yadda ba zai tsiyaya ba, in ya cika mota ta zo ta zuƙe, ba irin sokawen da ake bari ƙasa ta shanye ba, ka tsaya a kan magini da kanka don sun saba barin ƙasan a buɗe wai kar ya cika da wuri. A ɗaga bakin rijiya a yi mata daɓe da murfi, guga ɗaya a rataye shi kar a ƙara ajiye shi a ƙasa inda kaji ke bi. Randar Umma kar a taɓa ta na san ba za ta sha ruwan da ba na randa ba, amma a sa mata murfi da moɗa mai dogon hannu ita kaɗai, na yara kuma a sayi bokitin nan mai famfo a jiki a riƙa ɗiga maganin kulorin na ruwan sha da ake sayarwa a kemis daidai yadda aka rubuta a jikin kwalbar. A ƙofar banɗaki a ajiye buta ta musamman da sabulu. Maƙwabcinmu kuma kai za ka san yadda za ka yi masa magana cikin mutunci tunda abokin Baba ne, in ya yarda a gyara nasa ni zan ɗauki rabin simintin.

Tayil yana nan ba inda za shi, in Allah ya kai mu bayan babbar sallah zan turo nasa daban kuma mai ruwan ƙasan nake so. Ka tambayo min kuɗin buhun siminti da bulo da na masu kwasa a wannan satin kafin su ƙara tashi, in abin da na turo bai kai ba ka gaya min ƙarshen wata in cika, kuma kar ka manta da takun nan, ka ƙirga daga rijiya zuwa namu da kuma zuwa na maƙwabta ka rubuto min. A ce da Umma ina nan zan kira ta ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku in na taso aiki, ta ajiye wayar kusa da ita.